Ɗinkin Bakin Buhu

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Gwadabe baduku ya tara mutane a tashar motar Wudil don su ga kekensa. Babban keken ɗinki ne na ƙafa, irin wanda ke huda fata da tamfol. Gonarsa ta Darki ya sayar bayan kakar 1955 ya sayo shi a Kano, don ya riƙa ɗinka kujerun manyan motoci. Ƙafar keken na jingine a rumfar sarkin tasha. Kan yana cikin akwatin katako.

Aka ɓamɓare murfin. Babu keke. Buhun yashi ne kwance a ciki.

Wasu suka yi dariya. Gwadabe ya ce duk wanda ya yi masa wannan, sai ya ga bayansa.

Hakimi ya turo Kofur Ja'afaru na 'yan doka. Kofur ya sa aka fito da buhun, ya huda gindinsa da wuƙa, ya murza yashin a tafin hannu. Da danshi. Ya dubi kusoshin akwatin, ya ga an taɓa cire su an mayar.

Gwadabe ya rantse aikin dillalin Kano ne, Maikano, wanda ya buga akwatin. Kofur ya tambaye shi ko a gabansa aka buga. Ya ce a gabansa, bayan keken ya ɗinka fata ninki huɗu yana kallo, kuma a gabansa aka ɗora wa mota. Kofur ya ce to a bar Maikano, yashin nan na koginsu ne, ko bushewa bai yi ba.

Aka kira Ƙasimu direba, wanda ya kawo kayan ranar Alhamis da la'asar.

"Ka tsaya a gada?"

"Na tsaya, Kofur. Mota ta sha ruwa."

"Wa ke kusa da akwatin?"

"A kansa ma aka zauna. Hansai mai daddawa ce. Tambaye ta."

Hansai ta ce tun daga Kano ba ta ɗaga ba, don kada a ƙwace mata wuri, kuma har yanzu ƙugunta na ciwo. Sarkin tasha ya ce a rumfarsa akwatin ya kwana, ƙofar zana ce, ba ta da kwaɗo. Gwadabe ne ya ƙi kai shi gida, yana so a buɗe a idon 'yan kasuwa.

Kofur ya koma kan buhun. Ba a ɗaure bakinsa da igiya ba. Ɗinke shi aka yi da zaren da aka goga wa kaki, sahu a miƙe, huji daidai da huji. A ƙarshe mai ɗinkin ya koma baya sau uku, ya ƙone bakin zaren ya danne. Kofur ya nuna wa Gwadabe. Gwadabe ya daɗe yana kallo.

"Mutum biyu ne ke rufe ɗinki haka a garin nan," in ji shi. "Ni da wanda ya koya mini."

Kofur ya ce to shi ma yana cikin zargi. Ya bincika, ya tarar Gwadabe a Lajawa ya kwana wajen suna, kuma ba wanda zai sayar da gona don ya saci kayan kansa. Saura Baba Labaran, wanda ya koya masa.

Labaran ya riƙe Gwadabe tun yana ƙarami. Shi ke ɗinka wa direbobi kujeru da basilla kafin Gwadabe ya ware ya janye rabinsu. Masu rumfuna suka gaya wa Kofur cewa makon jiya Gwadabe ya tsaya a layin dukawa ya ce abin da tsoho ke yi a wata, keke zai yi kafin azahar, gara ya koma facin guga.

Kofur bai je da sanda ba. Ya ɗauki buhun dawa na gidansa, ya kai wa Labaran, ya ce a rufe masa bakinsa, jaki zai ɗauka. Tsohon ya goga wa zare kaki, ya ɗinke, ya koma baya sau uku, ya ƙone bakin zaren ya danne da babban yatsa. Sannan Kofur ya sa aka ajiye buhun yashin kusa da na dawar.

"Baba, ɓarawo ɗaure buhu yake yi ya gudu," in ji Kofur. "Kai ka san in an ɗaure, yashi zai zubo ta tsagar katako a gane kafin Juma'a. So kake a buɗe a gaban jama'a. Sai ka ɗinke, hannunka kuma ya yi abin da ya saba."

Labaran ya dubi buhunan biyu.

"Ban iya aikin banza ba," in ji shi.

"Wa ka sayar wa?"

"Ni ba ɓarawo ba ne. Yana cikin gurbi a ƙarƙashin gada. Ya yi wa kifaye ɗinki kafin azahar."

Masunta suka fito da kan keken, laka ta cika shi. Gwadabe ya kwance shi, ya wanke da kananzir, ya sa mai. Ya yi mako yana fama, keken ya tashi.

Alƙali ya ɗaure Labaran wata shida. Dattawan dukawa suka je roƙon Gwadabe ya nemi a sassauta, ko don riƙon da aka yi masa. Ya ce ya ji.

Da Labaran ya fito, ya tarar Gwadabe ya kama rumfar da ke fuskantar tasa. Duk wanda ya nufi tsohon da aiki, ko facin guga ne, sai Gwadabe ya kira shi ya ɗinka masa kyauta. Kullum da safe yana tsallakowa ya durƙusa ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Sannan ya koma ya taka keke.

Kafin damina ta faɗi, Labaran ya naɗe fatunsa ya bar Wudil.