Ganga Mai Lamba Shida

Insifeta Dokas Dogo ba ta gama kurɓar kununta ba mutum biyu suka faɗo ofishin 'yan sanda na Maƙoda, kowa na rige ɗan'uwansa magana.

Na gaba Zachariah ne, manomin gyaɗa, ya dire kwano a kan tebur. Gyaɗar ciki duk ta farfashe.

"Madam, irin shukata ke nan! Gangar yarinyar nan ce ta niƙe min shi, ga damina a bakin ƙofa!"

Yarinyar ita ce Aina'u, injiniyar da ta dawo gida da wata na'ura mai ƙera kaya da roba. Shekara guda ta yi tana zana gangar injin ɓare gyaɗa wadda ba za ta fasa ƙwaya ba. Ranar Asabar za ta nuna wa ƙungiyar manoma, kuma in zancen Zachariah ya zaga gari, ko kare ba zai leƙo ba.

"Ranki ya daɗe, ban sayar wa kowa komai ba," in ji Aina'u. "Ni ma ƙarar sata na kawo."

Dokas ta ture kofin. Irin ranar da take so ke nan.

A shagonta, Aina'u ta nuna wa Dokas wata kanta. Ganguna ja na roba a jere, kowacce da lambarta a gindi, ɗaya zuwa tara. Gurbin ta shida wayam.

"A kwamfuta nake zanawa, na'urar ta zuba roba layi kan layi. In gwada, in ga kuskure, in gyara zanen, in sake. Da a ce da ne, kowane gwaji sai na jira wata uku."

"Ta shidan fa?"

"Ta fi kowacce kyau, ta fi kowacce mugunta. Haƙoranta sun yi tsini."

Dokas ta dubi kwamfutar da ke zaune lafiya lau a kan tebur. Ɓarawon da ya tsallake kwamfuta ya ɗauki roba, ko dai wawa ne, ko kuma ya san abin da zai yi da robar.

Usaini mai walda ne ya ɗaura wa Zachariah gangar. Dokas da Aina'u da Zachariah suka tarar da shi gindin darbejiya, ya sa tabarau yana ta cika baki.

"Daga Kano na sayo ta, Madam. Aikin kamfani ce, ta alminiyam. Ina ruwanta da roba?"

"Kwance min ita."

Ya kwance yana gunaguni. Dokas ta shafa jikin ƙarfen da farce, ta ji layi-layi sirara, irin waɗanda ta taɓa a shagon Aina'u. Ta juya gindin. Ga lamba shida raɗau, ga kuma baƙin yashi maƙale tsakanin haƙora.

"Usaini, kamfanin naku ma daga shida yake fara ƙirga?"

Usaini ya cire tabarau, ya share gumi. "Wallahi ni ɗaurawa kawai na yi. Ku tambayi Baba Sabo."

Duk tukunyar da ake tuwon biki da ita a yankin, Baba Sabo mai zubi ne ya yi ta. Suka same shi tsugune gaban akwatin yashin da yake danna samfuri a ciki kafin ya zuba narkakken alminiyam.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, 'yata. Ni tukwane nake yi, ban san wata ganga ba."

Dokas ba ta yi musu ba. Ta tsuguna kusa da shi kamar mai son koyon sana'a, ta cusa hannu cikin yashin har gwiwar hannu, ta zaro jar gangar roba mai lamba shida.

Tsohon ya sauke hula ya ɗora a gwiwa.

"Ni ne. Ran Juma'a, da Aina'u ta fita cin abinci, na ɗauke ta, na zuba irinta ta alminiyam na ba Usaini. Ubana ya koya min cewa wanda ya riƙe samfuri shi ke da sana'a. Shekara bakwai na yi ina hura masa wuta kafin ya bar ni in taɓa nasa. Sai ga akwatin yarinyar nan yana fitar da samfuri kafin la'asar. Na ce in na ɗauke mafi kyawun, ta tsaya, ni in ci gaba. Tsoro ne, 'yata, ba yunwa ba."

Aina'u ta yi ƙoƙarin danne dariya, ta kasa.

"Baba, ai samfurin yana cikin kwamfuta! Ko ɗari ka kwashe, gobe zan sake. Kuma roba ba ta kai kaka biyu. Mai zubi nake nema. Sau biyu na zo gaishe ka, aka ce ba ka nan."

"Ina nan," in ji Baba Sabo. "Bayan rumbu na ɓuya."

Har Zachariah sai da ya tuntsire da dariya. Baba Sabo ya nuna masa rumbun, ya ce ya ɗebi iri daidai abin da aka fasa masa. Daɗi ya kama Dokas har zuci, amma aiki aiki ne.

"Tashi, Baba. Sata ce, sai ka ba da jawabi a ofis. In mai ƙara ta yafe, wannan tsakaninku."

Ya tashi ba gardama. Kafin ya shiga motar 'yan sanda Aina'u ta miƙa masa ganga ta tara, ta ce ya riƙe mata. Ya karɓa da hannu biyu, yana juya ta, yana bin haƙoran da babban yatsa. Kofur ɗin da ke tuƙi ya tayar da mota, sun fara tafiya ke nan tsohon ya buga ƙofa.

"Tsaya! Tsaya, ɗan nan!"

Dokas ta juyo, ta zaci zuciyarsa ce ta karaya. Sai ta ga ya leƙa da kai ta taga yana ɗaga gangar sama.

"Aina'u! Wannan kusurwar ba za ta fita daga yashi ba, za ta tsage! Ki zaftare ta kaɗan!"

Aina'u ta tsaya cak, ta lumshe ido tana lissafi, sai ta tafa hannu.

"Gaskiyarka, Baba! Kafin ka gama jawabi ta goma ta fito!"

"To, Madam," in ji Baba Sabo yana gyara zama, "a yi sauri da rubutun nan. Asabar ta kusa, ga wuta ban hura ba."