Kaset Ɗin Kogin Duhu

Wata Talata ce a tsakiyar Oktoba, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, busassun ganye sun rufe bakin titi, unguwar ta yi tsit. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Ramzi Tarraf, ɗakin da matarsa Dalal ta daɗe da sallama masa don ta huta, shi da abokinsa Dwight suna zaune gaban makirfo suna ɗaukar shirinsu na mako-mako. Shirin ba shi da wata magana sai ta Larkmoor, filin wasan nan na bakin tafki, tafiyar minti arba'in daga garinsu, Toledo. Manyan mutane biyu masu furfura, su zauna awa guda suna faɗa a kan lilo. To, akwai dubban irinsu da ke saurara.

"Ka ga sanarwar kamfanin Larkmoor ta jiya?" in ji Dwight. "Wai sun saurari ra'ayin masoya."

"Masoyan uban wa?" in ji Ramzi. "Mutanen da ba su taɓa cin soyayyen dankalin Larkmoor a tsaye cikin rana ba. Suna can wani gari a bene na talatin, ɗan yaro da nektai ya zana layi a allo, shi ke nan an rushe abin shekara hamsin da biyu."

"Kai ma za ka hau sabon lilon da za su kafa a wurin ai, in an buɗe."

"Ni? In hau ƙarfen da zai juya ni kai a ƙasa na minti ɗaya da rabi? Allah ya kiyaye."

"Haka ka ce bara a kan ɗayan, sai ga hotonka a kujerar gaba baki a wangale."

Abin da aka rushe ɗin shi ne Kogin Duhu, wani dogon kogo mai ruwa da ake ratsawa a ƙananan jirage. Mahaifin Ramzi, marigayi Haj Fawzi, shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsaye a bakinsa yana sa yara a jirgi. Muryarsa aka ɗauka a kaset tun Ramzi yana firamare, ita ce ke tashi duk lokacin da jirgi zai shiga duhu. Ranar da aka rufe wurin a watan Agusta, wani tsohon mai gyaran wuta ya zura wa Ramzi kaset ɗin a aljihu. Kaset ɗin shi kaɗai ne a duniya, kuma babu wani abu da ke ɗauke da muryar tsohon sai shi. Dwight ya yi roƙo har ya gaji a yi kwafinsa, Ramzi ya ƙi, wai lauyoyin kamfani za su ji labari. Gaskiyar magana rowa ce kawai. Ya kuma sayi jirgin kogon mai lamba tara a wurin gwanjo, shekaranjiya mutum huɗu suka sauko da shi ɗakin da ƙyar.

Da suka kashe makirfo, Ramzi ya yi abin da ya saba yi kowace yamma. Ya danna rikoda. Kiɗan nan mai sanyi ya tashi, sannan muryar tsohon, a shaƙe kaɗan, da dariya a ƙasanta: "Barkanku da zuwa. A zauna, a riƙe yara, kada kowa ya sa hannu a ruwa. Mun tafi."

Ƙas! Wani abu ya bugi tagar da ke can sama kusa da rufi. Suka kalli juna. Ƙas, ƙas! Sai kuma abin ya zubo kan rufin gidan gaba ɗaya kamar ƙanƙara.

Ramzi ya fita da gudu. Babu kowa a titi. A kan ciyawa da matakala kwabbai ne birjik, tsofaffi, sun yi kore, kowanne a jiƙe. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina. Duk wanda ya taɓa shiga Kogin Duhu ya san warin ruwan nan, kuma ya san kwabban da yara ke jefawa a ciki.

Da ya koma ƙasa ya tarar da Dwight manne da bango. Jumana, 'yarsa tilo mai shekara goma sha uku, tana zaune a cikin jirgin, hannayenta a kan cinya, idonta a buɗe yana kallon gaba. Ruwa na ɗiga daga gashinta.

"Jumana? Ke Jumana!"

Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya kama hannunta zai ɗaga ta, ya ji kamar an kafe ta da ƙusa. Sai bayan rabin awa ta yi ajiyar zuciya ta tambayi me take yi a nan.

Kashegari da magariba aka sake. Jibi ma haka. Kwabbai su zubo, warin ruwa ya cika gidan har ya danne ƙamshin girkin Dalal, yarinya ta bar duk abin da take yi ta sauka ta zauna. Aka kulle ƙofar ɗakin, aka tarar da ita a buɗe. Rabin awa ya zama awa biyu, awa biyu ta zama huɗu. Asibiti suka ɗebi jini, suka ɗauki hoton kai, suka ce ba su ga komai ba, a rage mata kallon waya.

A nan ne Ramzi ya tafka wautar da sai irinsa ke iya tafkawa. Shi da Dwight suka zauna suka yanke cewa ko ma mene ne wannan abu, fushi yake da kamfani, an rushe masa gida. Wallahi har wani ɗan daɗi Ramzi ya ji a ransa, wai har mutanen ɓoye suna bayansu. Sai ya shiga kunna kaset ɗin safe da rana da yamma don ya lallashe shi. Ranar Laraba ta mako na biyu Jumana ta shiga jirgin ba ta fito ba. Alhamis ta wuce. Ba ci, ba sha, leɓunanta sun bushe sun tsage, ga ruwa na ta ɗiga daga kanta.

Dalal ba ta nemi shawararsa ba. Ana sallame Juma'a ta tare Shaihi Annur a ƙofar masallaci, wani tsohon Basudane da ya yi ritaya daga tuƙin bas, wanda mutane ke zuwa wurinsa a ɓoye in magana ta fi ƙarfin likita. Ya iso gab da magariba, ya sauka matakala a hankali yana dafa bango. Ya dubi tutoci da tsofaffin tikitoci da hulunan da suka rufe bangon ɗakin, ya dubi Ramzi.

"Duk naka ne?"

"Nawa ne, Shaihi."

"Hmm," in ji tsohon.

Ya yi sallar magariba a nan gefen jirgin. Sannan ya ja kujera ya zauna daidai kunnen yarinyar ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Ɗakin ya yi sanyi. A sama kwabbai suka fara sauka ɗaya-ɗaya, suka tsaya. Can sai bakin Jumana ya motsa, wata murya ta fito mai kauri, a gajiye, ta tsohon da ya daɗe bai yi barci ba.

"Ya isa, malam. Ba faɗa na zo yi ba."

Dalal ta toshe bakinta da gyale. Ramzi ya zauna a ƙasa.

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?" in ji Shaihi.

"Ba ta yi mini komai ba. Tsaron ta nake yi."

"Wa ya sa ka?"

"Fawzi."

Muryar ta ci gaba a hankali, tana hutawa tsakanin magana. Tun kafin a haƙa kogon yake zaune a fadamar wurin. A shekarar Fawzi ta farko a bakin aiki wani yaro ya faɗa ruwa a cikin duhu, shi ya turo shi waje da rai. Fawzi ya gane ba banza ba. Bayan an tashi ya tsaya a bakin kogon ya yi sallama, ya roƙi alfarma: duk sa'ad da ka ji muryata, ga yara nan tafe, ka riƙe su amana har su fita. Shi kuma ya ɗauki alkawari, muddin muryar tana kira zai zo.

"An taɓa rasa yaro a ruwan nan? Tambayi ɗansa, shi da ya san komai."

"Ba a taɓa ba," in ji Ramzi. Sai kuma ya yi ta maza ya ce, "Mun san an zalunce ka. Mutum dubu goma sha ɗaya sun sa hannu a takarda, za mu tilasta musu su sake gina maka..."

Dariyar da ta fito daga bakin yarinyar ta sa shi haɗiye sauran.

"Su gina wa wa? Ranar da suka zuƙe ruwan nan ita ce ranar da na fi murna tun da aka halicce ni. Na tafi tafki wurin dangina. Na kwanta ke nan sai na ji Fawzi yana kira. Na zo, ga jirgi, ga yarinya ɗaya a gidan, na sa ta a ciki na riƙe. Amma jirgin nan ba ya tafiya, malam. Babu ƙofar fita. Na yi ta jifa ko zai gane ya daina, sai ma ya ƙara."

Dalal ta juyo ta kalli mijinta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"To yanzu me zai raba?" in ji Shaihi.

"Muryar ta mutu kamar yadda mai ita ya mutu. In babu kira, babu alkawari."

Ramzi ya rarrafa ya zare kaset ɗin daga rikoda ya ƙanƙame. "Zan kulle shi a banki. Na rantse ba zan sake kunnawa ba har abada."

"Na san rantsuwarku. Kowace kaka a bakin kogona kuke rantsewa kun bar Larkmoor, kowace bazara ga ku a layi da sabon katin shiga. Wata rana kewa za ta kama ka, ka ce sau ɗaya kawai."

"To bari in ji shi sau ɗaya, na bankwana. Shaihi, ubana ne. Ba ni da wani abu nasa da ke magana."

"In ya sake kira zan sake riƙewa," in ji muryar. "Dube ta da kyau ka gani ko za ta kai."

Ya duba. A kwana goman nan kallon abin mamaki yake mata, yanzu ne ya ga 'yarsa. Wuyan hannunta ya zama kamar sanda, numfashinta da ƙyar yake ɗaga rigarta. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ni karatu na iya," in ji Shaihi Annur. "Wannan kuwa aikinka ne."

Ramzi ya sa farce ya jawo zaren kaset ɗin. Ya yi ta ja, baƙin zare yana taruwa a cinyarsa, yana kuka kamar ƙaramin yaro, har ya zo ƙarshe ya tsinke. Dalal ta miƙo masa tukunyar ƙarfe da ashana. Abin ko minti ɗaya bai yi ba ya narke ya dunƙule, ya bar wari.

"Saura fita," in ji muryar, ta yi laushi yanzu. "Maganar fita ba ta cikin kaset. Da bakinsa Fawzi ke faɗi, yana miƙa hannu. Ni ba na sakin yaro sai na ji ta."

Ramzi ya san ta, ya ji ta sau dubu. Ya miƙe ya tsaya a gefen jirgin inda ubansa kan tsaya, ya goge fuska, ya miƙa hannu.

"Mun iso lafiya. A fito a hankali, a dafa ni."

"Madalla. Malam, ka shaida na sauke amana."

Jumana ta yi atishawa sau uku. Warin ruwan ya janye kamar an buɗe taga. Ta ɗago ido ta ga hannu a gabanta, ta kama, ta taka waje, uwarta ta cafe ta.

Sati uku kafin ta koma makaranta. Jirgin kuwa Dwight ya zo da mota ya kwashe, aka ba wani gidan tarihi. Ba a sake jin jifa a gidan ba.

Ranar da ta koma ɗin, Ramzi yana kan hanyar ɗauko ta da la'asar, ya tsaya a danja, sai ya ce bari ya tuno muryar tsohon. Kalmomin suka zo duka, babu wadda ta ɓace. Amma da tasa muryar suka zo. Ya sake gwadawa, ya rufe ido ya nemi shaƙewar nan da 'yar dariyar da ke ƙasanta, babu. Na baya suka yi ta danna masa oda. Ya gangara gefen titi ya kifa kai a sitiyari, ya daɗe a haka.

Wayarsa ta yi ƙara. Jumana ce.

"Baba, kana ina? Kowa ya watse, ni kaɗai ce a bakin ƙofa."

"Ga ni nan, 'yata," ya ce. "Kada ki motsa, ga ni nan."

Ya share ido da hannun riga ya tayar da mota.