Ruwan Zafi a Tukwanen Ma'u

Da hantsi Ma'u ta iske tukwane goma sha biyu na bayan asibitin ƙauyensu, kusa da Magarya, da ɗumi kamar na jikin mutum. Ita ta haɗa su. Fitsarin masu jinya ke gangarowa ciki, ƙwayoyin halitta su ci, su ba fitilar ɗakin haihuwa wuta, farin garin da ya kwanta ƙasa kuma ya zama takin albasa. Yau ba wuta. Wani ya sheƙa musu tafasasshen ruwa.

Kafin Saje Yusha'u ya iso daga Wurno, an riga an tsare Mode maigadi, bawan Allah yana ta rantsuwa. Saje ya dube shi: mutumin da ko kewayen ba ya shiga sai da addu'a uku. Ina shi ina zuba ruwan zafi a makwancin aljannu? Isa mai albasa, wanda suka yi cacar baki da Ma'u kan taki, tun jiya yana kasuwar Goronyo, da shaidu.

Sai Saje ya sauya tambaya. Duk wanda ya ƙona mutanen ɓoye da gangan ya san ramuwa na tafe. To, wa ke shirin mutuwa a garin nan?

Mata suka ce Inno Kaltume mai sharar asibitin ta bi gida-gida neman gafara, ta aika jikarta garin Rabah, ta kyautar da akuyarta.

Shi da Ma'u suka same ta zaune a tabarma, ta fuskanci gabas, likkafani a ninke gefenta. Saje ya matsa kusa da ita.

"Inno, mi kika jira?"

"Su. Ku saki Mode, ni ta." Ta nuna Ma'u. "Da bakinta ta ce akwai masu rai ciki, ba a ganinsu, najasa suka ci, wuta suka fitarwa. Mi a sunansu? Ƙarƙashin wutag ga ɗiyata tar rasu."

Ma'u ta yi ta bayani cikin hawaye, cewa jini ne ya ɓalle wa marigayiyar. Inno ba ta ko kalle ta ba.

"Sun mutu duka?"

"A'a, Inno. Na ƙasa ba su mutuwa. Mako ukku za su dawo," in ji Ma'u.

Tsohuwar ta ɗauki likkafaninta, ta miƙa wa Saje hannuwa biyu.

"To tahi da ni kahin nan, ɗana. Inda ad da ƙofar ƙarhe."