Fuskar Surukinta A Shafi Na Tara

"Buɗe shafi na tara!" in ji Sinyora Assunta, mahaifiyar saurayin Cosima, ta wurga littafin kan tebur, saura kaɗan ya faɗa cikin kwanon taliya.

Cosima ta buɗe. Ita ta rubuta littafin, kamfaninta na littattafan yara da ke birnin Lecce na Italiya ne ya buga shi, ta san shafin kamar tafin hannunta. Dodon labarin ne a tsaye, mai cinye itatuwa, da jan hanci da gashin baki kamar tsintsiya.

Ta ɗaga kai ta dubi dattijon da ke zaune a kan gaban tebur.

Hancin ne. Gashin bakin ne. Har tabon da ke girarsa.

Yau ne karo na farko da ta taɓa ganin Oronzo, mahaifin saurayinta Donato. Ya daɗe yana ƙin ganinta, domin shi aka ba kwangilar sare tsofaffin zaitunan da yaran ƙauyen ke wasa a ƙarƙashinsu, a yi wurin ajiye motoci, ita kuwa ita ce uwar masu zanga-zanga.

"Na rantse ban sani ba..." ta ce. "Ni labari nake rubutawa, Loredana ce mai zane."

Tana faɗin sunan ta gane komai. Loredana 'yar ƙauyen nan ce, ita Assunta ta so wa ɗanta tun suna yara. An yi wa Cosima zagon ƙasa a cikin kamfaninta, kuma ita da kanta ta yaba zanen!

"Yara na bin mijina da ihu a kasuwa," in ji Assunta. "Jikarsa ta daina hawa cinyarsa. Wannan ce matar da ka kawo mana, Donato?"

Oronzo ya ture kwanonsa ya tashi.

Washegari Donato ya same ta a ɗakin buga littattafai, idonsa ja.

"Rabin raina, Baba ya yi magana. Ki janye littafin, ki fita daga maganar zaituna, a yi bikinmu a Satumba."

"Zanen zan canza, na riga na sallami Loredana. Zan ba shi haƙuri a gaban kowa."

"Zaitunan fa?"

"Donato... yaran nan ni na tara su. Me zan ce musu?"

"Ni fa, me za ki ce min?"

Cosima na son mutumin nan har cikin ƙashinta, da rowar maganarsa, da yadda yake karanta labaranta kamar mai duba takardar kotu. Amma bakinta ya ƙi furta abin da yake jira. Ya ɗauki hularsa ya fita, ita kuwa ta ci kukanta tana gyara shafi na tara.

Ranar saran, da hantsi, tana zaune a gindin babban zaitun, yara da iyayensu sun kewaye ta. Motar ma'aikata ta tsaya. Oronzo ya sauko, Donato na biye da shi riƙe da zarto.

Yaran suka fara ihu. Cosima ta ɗaga lasifika.

"Ku yi shiru! Wannan ba dodo ba ne, kakan wata ne a cikinku. Na sa fuskarsa inda bai dace ba, laifina ne. Baba Oronzo, ka yafe min."

Dattijon ya matso har inuwarsa ta rufe ta.

"Na ji. To tashi mu yi aiki."

"Ba zan tashi ba, Baba."

"Kin ba ni haƙuri, kuma kin tare min hanya?"

"Haƙurin na fuskarka ne. Zaman na itacen ne."

"Kin san abin da za ki rasa?"

Ta dubi Donato, hawaye suka zubo mata.

"Na sani."

Donato ya ajiye zarton a hankali. Ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ita, da wandonsa na aiki, ya kama hannunta.

"Kai kuma fa?" in ji uban.

"Ƙafata ce ta gaji, Baba."

Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya. Oronzo ya daɗe yana murza gashin bakinsa, yana kallon su biyun.

"Taurin kai irin na uwarka ka je ka nemo," ya ce. "Gara ta zama bala'in cikin gida, aƙalla zan san inda take." Ya nuna Cosima da yatsa. "Kada ki ɗauka kin ci nasara, yarinya. Gobe zan dawo da zarto."

"Gobe za ka same ni a nan, Baba."

"Na sani." Ya juya ya nufi motarsa, sannan ya waiwayo a fusace. "Ku taso mana! Assunta ta ɗora tukunya, ba zan ci abinci ni kaɗai ba saboda itace."