Bencin Bakin Ƙofar Gaggawa

Ku rage murya, ku matso. Wata mata ce, Tabawa, a wani gari da sunansa ya kwanta mini yanzu. Ɗanta na fari, Lurwanu, ya faɗo daga kan motar albasa. Aka kai shi babban asibiti bayan la'asar, aka shige da shi ɗakin gaggawa, aka rufe ƙofa.

Ta zauna a benci. Ba ta yi kuka ba. Kun san ɗan fari, uwa ba ta kama sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Sau biyu wata nas ta leƙo tana tambayar ina mai Lurwanu. Tabawa ta sunkuyar da kai, tana jiran kawunsa ya iso ya amsa. Nas ɗin ta ce ashe ba shi da kowa, ta koma.

Dab da magariba benci ya watse. Sai ita da wata mata a can ƙarshe, cikin mayafi mai launin toka. Tabawa ba ta ga zuwanta ba.

Mai shara ya zo yana goge ƙasa. Tabawa ta ɗaga ƙafa. Matar ba ta ɗaga ba, tsumman kuwa ya wuce ta ƙarƙashinta salin alin, bai taɓa komai ba.

"Baiwar Allah, an faɗa miki?"

Muryar matar kamar daga cikin randa. Tabawa ta ce a'a, ba a ce mata komai ba.

"Ba za a faɗa ba. Jini yake nema. Suna jiran mai shi, ke kina jiran su."

Tabawa ta ce ai da kunya. Matar ba ta ko juyo ba. Ta ce ita ma haka ta zauna jiran nata ɗan, a nan wurin, da kunyarta. Ba ta tambaya ba, ba a kira ta ba.

"Naki ya tashi?"

"Har yau ba a faɗa mini ba."

Tabawa ta miƙe kamar ba ita ba, ta tura ƙofar. Likita ya ɗago ya ce wa take nema. Shekara ashirin da shida sunan bai fita bakinta ba.

"Lurwanu. Ni na haife shi."

Aka ɗebi jininta leda guda. Yaron ya rayu, da ɗingishi dai.

Da ta fito don ta yi wa matar godiya, babu kowa. Ta dafa wurin da matar ta zauna, sanyi kamar an zuba ƙanƙara.

Ma'aikatan can sun ce matar tana nan, tana tambayar duk wanda ta samu shi kaɗai. In Allah ya kai ku bencin nan, kada ku zauna ku kaɗai. Ku tafi da mai baki. In kuwa ta tambaye ku labarin ɗan nata, kada ku ce komai, don ba ku sani ba.