Gilashi A Bangon Ɗakin Yara

Ranar da ya fara shigowa ɗakin karatun ƙungiyar injiniyoyi, takalminsa duk jar laka, ya ɗauki babban littafin ƙa'idojin harsashin gini ya nufi ƙofa da shi kamar na gidansu.

"Malam, dawo," in ji budurwar da ke kula da ɗakin, ba ta ko tashi daga teburinta ba. "Ba ka ga jan tambari a bayansa ba? Nan ake karanta shi."

"Gobe zan dawo da shi."

"Haka wanda ya tafi da ɗan'uwansa ya ce. Har yau muna jiran gobensa."

Ya yi dariya ya ja kujera. Washegari ya dawo, jibi ma haka, har littafin ya san hannunsa. Da yake ita ke riƙe da makullin kabad ɗin takardun bincike, sai ya sa mata Mai Makulli. Ita kuwa Injiniya take ce masa, a ɗakin da kowa injiniya ne, amma in ta faɗa shi kaɗai ke ɗago kai.

Wata rana bayan an tashi aiki saƙonsa ya shigo: "Mai Makulli, na gama littafin tun tuni. Karantawar ƙarya nake yi. Ki ba ni izini in zo in gaida Abba."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta rubuta: "Ai na sani, shafi ɗaya kake kallo kullum. Ka zo, amma ka wanke takalmin nan."

A lokacin gidansu cike yake da bulo da yashi. Abba na ɗora bene a kan tsohon ginin, saboda Yayarta ta dawo gida da yaranta biyu, mijinta yana aiki nesa. Mai aikin kuwa ɗan aminin Abba ne, ɗan kwangila mai sabuwar mota da daɗin baki, wanda shi ma ya daɗe da nuna yana son auren Mai Makulli.

Injiniya ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa. Hira ta yi daɗi, har Umma ta leƙo ta koma tana gyaɗa kai. Ana cikin haka Yaya ta zo shiga ɗakin yara, ƙofa ta ƙi, sai da ta sa kafaɗa.

"Yaya, tun yaushe take yin haka?" ya tambaya.

"Tun da aka fara aikin sama. Sanyi ne ya kumbura katakon."

Ya nemi izini ya leƙa. Mai Makulli ta bi bayansa, ta ga fuskarsa ta canja. Daga kusurwar taga wata tsaga ta tashi a karkace zuwa sama, siririya a ƙasa, mai faɗi a can ƙarshe. A gindin bangon gadon jaririn Yaya yake, jaririn na ciki yana barci da hannu a baki.

Ya dawo falo ya sake durƙusawa. "Abba, a yi mini afuwa. Harsashin gidan nan ba a yi shi don ɗaukar bene ba, kuma ƙasar wurin nan yumɓu ce. In damina ta sauka za ta motsa. Ina roƙo a tsayar da aikin, a fitar da yara daga ɗakin can."

Abba ya ɗago ya dube shi.

"Yaro," in ji Abba a hankali, "da gumina na gina gidan nan tun ba a haife ka ba. Aure ka zo nema ko rushe gida?"

Da ɗan kwangila ya ji labari, dariya ya yi. "Abba, filasta ce ta bushe. 'Yan littafi ke nan, ko ƙuda ya sauka a bango sai sun yi masa lissafi. Kishi ne kawai." Kafin yamma ya sa an shafe tsagar da siminti, an bi da fenti. Abba ya ce kada ya sake ganin mai jan takalmin nan a ƙofarsa.

Injiniya ya daina zuwa ɗakin karatu. Saƙo kawai yake turowa, kuma babu sauran kalaman daɗi a ciki: "Kin fitar da yaran?"

Abin ya ƙona mata rai. Ta rubuta: "Ko gaisuwa babu? Faɗa mini gaskiya, don bangon kake yi ko don ɗan kwangilar nan?"

Amsa ba ta zo ba sai da rana ta yi sanyi. "Mai Makullina, kada ki yarda da ni, kada ki yarda da shi. Kabad na biyu, akwai takardar bincike mai shuɗin bango a kan gini a ƙasar yumɓu. Makulli yana hannunki."

Shekaru tana kakkaɓe ƙurar takardun nan, ba ta taɓa karanta ɗaya ba. Ranar ta buɗe. Lissafin ya fi ƙarfinta, amma hotunan ba su fi ba. Ga tsaga iri-iri, wadda ba ta da haɗari da wadda ke da shi. A shafi na gaba ta ga tasu sak, har karkacewar, kusa da ita kuma hoton gidan bayan ya rufta. Can ƙasa marubutan sun kawo wata tsohuwar dabara: a manna siririn gilashi a gicciye a kan tsagar. In bangon na motsi, gilashin ba zai iya ɓoyewa ba.

Ta koma gida ta cire gilashin wani ƙaramin firam na hoto, ta kankare sabon fentin, ta manna shi da gam mai ƙarfi. Sannan ta naɗe katifar yaran, ta ja gadon jariri zuwa ɗakinta.

"Ke kuma lafiya?" in ji Yaya.

"Sauro ya yi yawa a can."

Yaya ta dube ta, ta dubi bangon. Sai ta kama ɗaya gefen gadon.

Damina ta sauka. A sama magina suna ta jera bulo, kowane bugu sai ta ji shi a ƙirjinta. Kullum da safe kafin ta wanke fuska sai ta je ta duba, gilashi lafiya lau. Har ta fara jin kunyar kanta. Ƙofar dai yanzu ko da kafaɗa ba ta rufuwa, kuma wani farin gari yana taruwa a gindin bangon, in ta share ya dawo.

Wata safiya bayan ruwa mai yawa, ta shiga ta tarar da gilashin ya rabu biyu, bakin ɗaya ya ɗan haye ɗaya.

Ta samu Abba a falo. "Abba, ban taɓa yi maka musu ba, yau ma ba shi na zo yi ba. Ka zo ka gani kawai."

Ya zo. Ta gaya masa abin da ta karanta da abin da ta yi. Ya sa yatsa a tsagar da aka shafe, yatsan ya shige. Ya juya ya dubi inda gadon jikansa yake a da.

"Kira shi," in ji shi.

Injiniya ya iso da katakan tokara da ma'aikata. Bai ce ai na faɗa ba. Ya gaida Abba, ya sauko da maginan, ya sa kowa ya fita tsakar gida. Ba su gama kafa tokara ba aka ji wani nishi daga cikin bangon, sai kankaren saman tagar ya ɓalle ya faɗo daidai gurbin gadon. Ƙura ta turnuƙe. Yaya ta ƙanƙame jaririnta ta zauna a ƙasa. Ɗan kwangila kuwa wayarsa a kashe take tun safe, a kashe kuma ta ci gaba da zama.

Aka sauke bulon sama, aka tona aka ƙarfafa harsashi. Ranar da aka cire tokara ta ƙarshe, Abba ya kira Injiniya, ya ajiye gutsuren gilashin biyu a gabansa.

"Mai son a ba shi 'ya, daɗin baki yake yi wa uba. Kai ka zaɓi ka rasa ta da ka yi shiru. Turo manyanka."

Da yamma saƙo ya shigo: "Mai Makullina, yanzu an yarda in gaishe ki?"

Ta amsa: "An yarda. Amma littafin nan har yanzu ba a fita da shi."

A tsakar gidan aka yi taron aurensu, yara suna ta shiga da fita ɗakinsu, ƙofa tana buɗuwa da yatsa ɗaya. Da za a tafi da amarya, Umma ta riƙe hannayensu biyu tana hawaye.

"Duk gida yana tsagewa, 'ya'yana. In kun ga taku, kada ku shafa mata fenti. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya tsare ku da abin da za ku haifa."

Yaya, da jariri a kafaɗa, ita ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.