Lamba Goma Sha Ɗaya

"Gwaggo Huseina ta ce kin ƙi a sa miki lalle."

Kamaruddeen bai ko zauna a tabarmar da Tahira ta shimfiɗa masa a zaure ba. Saura kwana shida ɗaurin aurensu. Tun rasuwar mahaifiyarsa gwaggon nan ce uwarsa, kuma da hannunta ta tsinko lallen a bayan gidanta da ke Kunci, ta shanya, ta daka. Yanzu magana ta zaga dangi, wai amarya ta je ƙasar waje ta dawo tana ƙyamar lallen ƙauye.

Tahira ta sunkuyar da kai. Hannayenta na cikin baƙar safar da ba ta rabuwa da ita tun dawowarta wata biyu da suka wuce. Kowa ya ɗauka ustazanci ne ya ƙaru.

"Tahirata, in ni ne ba kya so kuma, ki faɗa mini. Zan iya ji..."

A hankali ta zare safar.

Fatar ta yi fari-fari, ta tsattsage tun daga yatsu har wuyan hannu, kamar gona da ta shekara ba ruwa. Ya ja da baya yana salati. Ya tambaya ko wutar kicin ɗin otal ce ta yi mata haka.

"Babu otal, Yaya Kamaru. Ba a taɓa yin otal ba."

Ta ba shi labarin da ko Inna ba ta sani ba. Aikin otal da karatu aka ce musu, ita da sauran 'yan matan da suka tafi tare. Da suka sauka, aka karɓe fasfo, aka kai su wani ƙaton gini marar taga inda ake haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙi, domin ƙasar tana cikin yaƙi kuma mazanta sun tafi fagen daga. 'Yan mata a jere, kowa da teburinta. Bel ɗin inji yana bi ta gabansu ɗauke da fukafukai, duk minti huɗu ƙararrawa ta kaɗa. Nata aikin guda ne: ta shafa gam a fiffiken hagu, ta danne, ta buga hatimin teburinta domin in an sami kuskure a san mai shi. Awa goma sha biyu a tsaye, wata goma sha huɗu. Ba ta taɓa ganin jirgin a haɗe ba. Gam ɗin ne ya cinye safar roba, ya isa ga fata.

"To ai ciwo ne, rabin raina. Ciwo yana warkewa."

Ta girgiza kai. Wata rana, in ji ta, abokiyar aikinta ta nuna mata hoto a waya. Gida ne da ya rushe a ƙasar da ake yaƙa, ga tukunya a kife, ga takalmin yarinya ƙafa ɗaya. A gefe kuma karyayyen fiffike.

"Hatimina ne a jiki. Lamba goma sha ɗaya... Ka ce in miƙa wa Gwaggo hannun nan ta yi masa ado?"

Ƙarar injin niƙa na tasowa daga bakin kasuwa. Kamaruddeen ne ya ga tallan aikin a wayarsa. Shi ya cike mata takardar a shagonsa na Tsanyawa, shi ya lallashi Baba har sau uku, yana cewa ilimin 'ya mace ba ya da iyaka. Fiye da shekara guda yana nuna wa abokai hotonta cikin rigar sanyi.

Ya sa takalmansa a hagunce, ya fita ba sallama.

Kwana uku ba kira, ba saƙo. Ana ta gyaran gero da jera kwanuka a tsakar gida, ita kuwa tana ɗaki tana jiran a aiko an fasa. Har ta shirya abin da za ta ce wa Baba.

Ranar lalle da hantsi sai ga guɗa a ƙofar gida. Gwaggo Huseina ta shigo ɗakin da ƙwarya a hannu, ta kori ƙawaye duka, ta saki labule. Ba ta yi wasan da aka santa da shi ba. Ta zare safar da kanta, ta daɗe tana kallo.

"Ya faɗa mini, 'yar nan. Tun ranar da muka binne uwarsa ban ga ya yi irin kukan ba."

Ta kwaɓa lallen da man kaɗanya don ya rage zafi. Duk da haka da ya taɓa tsagar farko Tahira ta cije leɓe, hawaye na bin kuncinta. Tsohuwar ba ta tsaya ba sai da ta rufe yatsu goma.

Da la'asar aka wanke. Lallen bai kama fatar ba ko kaɗan. Cikin tsagogin kawai ya shige, ja wur, layi-layi.

Tahira ta laluba safarta. Gwaggo ta riga ta ɗauka, ta cusa a bakin zaninta.

"Cewa ya yi a kawo masa ke haka. Wai rabin abin da ke hannun nan nasa ne, ba za ki ɗauka ke kaɗai ba."

A waje 'yan mata suka soma waƙar amarya. Tahira ta ɗora hannayen a cinyarta, a buɗe, ta yi kukan da ta riƙe wata goma sha shida.